Jawabi Ga 'Yan Kasuwarmu Mazauna Kurmi



Gobarar rikicin kasuwar Shasha ta Badun a 2021 ta nuna mana cewa baƙon da ba shi da asusun gayya, ranar wuya ba shi da madogara. Saboda haka ina kira gare ku, daga Sabo har Agege, ku kafa ƙungiyoyin gama kai masu yin ciniki don amfanin jama'a.

Amma kafin a tara ko kwabo, a zauna a rubuta shiri. Na farko, wace bukata za a biya: motar dakon albasa, ko makarantar 'ya'yanmu? Na biyu, nawa ne jari, nawa kowa zai zuba? Na uku, a raba aikin ma'aji da na magatakarda, kuɗi kuma su kwana a banki. Na huɗu, a ware kashi ɗaya cikin huɗu na riba don ajiya, kada taimako ya cinye uwar kuɗi. Sa'an nan a yi rajista a ofishin gama kai na jihar da kuke zaune.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya yi mana jagora, amin.