Amsar Wasiƙunku: Ƴar Hular Da Ake Ɗora Wa Harafi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ya ce a jarrabawar Faransanci ya rubuta jeune yana nufin azumi, bai ɗora wa harafin u alamar nan mai kama da hula ba, sai malaminsa ya rage masa maki. Shi kuwa ya ji an ce Faransa ta soke alamar. Shin malamin ya zalunce shi?

To, ƙanena, ka yi haƙuri, malaminka ne mai gaskiya. A Faransanci, jeune ba hula ma'anarsa matashi, jeûne mai hula shi ne azumi. Ka ga ke nan maimakon azumin Ramadan, matashin Ramadan ka rubuta!

Labarin da ka ji yana da tushe, amma an yi masa ƙari. A shekarar 1990 aka yi wa rubutun Faransanci gyara, aka ce wanda ya ga dama yana iya barin hular a kan i da u. Surutu ya sake tashi a 2016, lokacin da gyaran ya shiga littattafan makaranta a Faransa. Amma ba a taɓa ta a kan a da e da o ba, kuma an bar ta inda take raba kalmomi biyu, kamar sur, wato a kan, da sûr, wato tabbas. Mur, bango, da mûr, nunanne. Kalmarka tana cikin waɗanda aka bar wa hularsu.

Ina ta samo asali? Daga Girkawan da. Ana danganta ta da wani masani, Aristofanis, da ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariya ta Masar wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aikinta a lokacin shi ne nuna inda murya ke hawa sannan ta sauko. Da ta shiga Faransanci sai ta samu wani aikin. Sau da yawa tana tsaye ne a gurbin harafin s da aka daina furtawa. Da can ana rubuta forest da hospital, yau kuma forêt da hôpital. Ƙamusun hukumar harshen Faransanci na 1740 shi ya tabbatar da wannan tsari. Turancin Ingilishi ya ari kalmomin tun da s ɗinsu, shi ya sa yake riƙe da shi har gobe.

Kowane harshe da aikin da ya ba ta. Mutanen Wales a Birtaniya suna kiranta ɗan jinka, tana nuna musu dogon wasali. A harshen Fotugal, avô mai hula kaka ne namiji, avó mai karkataccen layi kaka ce mace. A Turkanci kar ƙanƙara ce mai laushi, kâr kuwa riba. Masu kwamfuta ma sun ɗauke ta: in ka ga 2^3, nufinsa biyu sau biyu sau biyu, wato 8.

Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba. A rubutun yau da kullum ba ma sa ta, amma masana harshe suna amfani da ita wajen nuna karin sauti mai faɗuwa, wanda suke kira faɗau. Haka Paul Newman ya yi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Gwada da bakinka yanzu. Ce kai, kana nuna mutum. Sannan ce kâi, na bisa wuya. Ce su, kana nufin mutane. Sannan ce sû, na kamun kifi. Ka ji yadda murya ta faro sama ta gangaro a na biyun? To, wannan ya fi kusa da aikin da Girkawa suka ƙirƙire ta dominsa.

Saboda haka shawarata gare ka, da sauran ɗalibai masu jinmu: duk kalmar da ka koya, ka koye ta da hularta, kamar yadda ba ka raba ƙ da ƙugiyarta. Ai kai ma ba za ka yarda a rubuta maka kasa a wurin ƙasa ba. Ka samu littafi ka jera irin waɗannan tagwayen kalmomi, ka riƙa dubawa kafin jarrabawa. Sannan ka je ka gaida malaminka, don makin da ya rage maka a aji ya fi sauƙi a kan wanda za ka rasa a babbar jarrabawa.

Allah ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.