TASHI KA CI: YADDA ZA MU TAIMAKI MATASANMU MASU DAMUWA



Akwai wata yarinya a ajina na Makarantar Lahadi, 'yar shekara 15. Ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Kwatsam sai ta daina zuwa. Mahaifiyarta ta ce taurin kai ne, mahaifinta ya ce ta ja da baya cikin bangaskiya. Da matata ta zauna da ita, sai ta gane yarinyar ta yi wata uku ba ta samun barcin kirki. Ita kaɗai ce mai bi a ajinsu, kullum tana tsoron kada ta yi suɓutar baki. Ga jarrabawar WAEC tana matsowa, ga kuɗin makaranta ba a biya ba. Wannan yarinya ba ta yi zunubi ba, damuwa ce ta yi mata yawa.

Irinta suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowaɗanne yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da matsalar da ta shafi tunani, kuma fargaba tana kan gaba. 'Ya'yanmu sun taso suna jin labarin Chibok a 2014 da na Dapchi a 2018. Yau kuma waya tana kawo musu hotunan tashin hankali har kan gado. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: faɗuwar gaba, bugun zuciya, ciwon ciki da safe, rashin barci, saurin fushi, da gudun jama'a.

Bari mu buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya ga ikon Allah a Dutsen Karmel, amma da saƙon Yezebel ya iso masa, ya gudu jeji har ya roƙi mutuwa. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi masa, gama a nan darasinmu yake.

Na farko, ya kula da jikinsa. Mala'ika ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, ya kuma bar shi ya yi barci. Iyaye, ku duba ko yaron yana cin abinci, yana kuma barci. A ajiye waya da dare. In gabansa ya faɗi, ku koya masa ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali, yana addu'a a zuci.

Na biyu, ya saurare shi. A Horeb sau biyu Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa. Mu kuwa, yaro bai gama magana ba mun yanke masa hukunci. Dattijo, in yaro ya zo wurinka, ka fara ji kafin ka yi wa'azi. Kada kuma asirinsa ya zama abin sanarwa a sujada.

Na uku, ya gyara masa tunani. Iliya ya ɗauka shi kaɗai ya rage, sai Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Damuwa takan sa mutum ya ga abu ya fi girmansa. Ku zauna da yaron ku raba abin da zai iya yi, kamar karatu, da abin da sai dai a miƙa wa Allah. Filibiyawa 4:6-7 da 1 Bitrus 5:7 gayyata ce zuwa ga Uba mai kula da mu, ba bulala ba ce. Ubangijinmu kansa ya sha baƙin ciki mai tsanani a Getsamani, ya kuma nemi almajiransa su zauna tare da shi.

Na huɗu, ya ba shi abokin tafiya, wato Elisha. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma suna nesa da juna. Saboda haka mu riƙa haɗa matasanmu a taron gunduma, mu ƙarfafa su shiga FCS inda take, domin kowa ya san ba shi kaɗai ba ne.

Abu na ƙarshe. In damuwar ta daɗe har ta hana yaro karatu, ko ya fara shan ƙwaya irin su tramadol, ko yana maganar kashe kansa, kada a jira, a kai shi ga likita. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware. Yadda muke addu'a mu kuma sha maganin zazzaɓi, haka wannan ma yake.

Yarinyar nan ta koma waƙa, ko da yake har yanzu akwai ranakun da sai an riƙe ta. Roƙona shi ne kowane dattijo ya zaɓi matashi ɗaya ya ziyarce shi kafin ƙarshen wata.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.