Lissafin Ƙwarya: Yadda Ake Gane Zaɓi Mafi Kyau



Duk wanda aka ɗanka wa amanar rabon abin da bai isa kowa ba, ko ruwan rani ne ko kuɗin baitulmali, akwai tambayar da ba ya iya kauce mata: ina shaidar cewa rabon da ya yi babu wanda ya fi shi? Wani reshe na ilmin lissafi ya ɗauki wannan tambaya ya mai da ita sana'arsa, kuma a kansa wannan lacca za ta tsaya.

A ɗauki misalin wani manomi a Mandera, can yankin Boɗinga da Shagari, da lambobin da aka ƙaddara don saukin bayani kawai. Yana da kadada 10 ta fadama da awo 18 na ruwa. Kadadar albasa tana shan awo 3, ta ba da ribar naira dubu 50. Kadadar wake tana shan awo 1, ta ba da dubu 20. In ya bi kwaɗayin albasa zalla, ruwa zai ƙare a kadada 6, ya tashi da dubu 300. In ya shuka wake zalla, dubu 200 ke nan. Amma in ya ba albasa kadada 4, wake kadada 6, to, ƙasa da ruwa za su ƙare tare, ya sami dubu 320.

Ga shaidar cewa ba a wuce nan. A yi wa kowace kadada kuɗin naira dubu 5, kowane awon ruwa dubu 15. Da wannan kuɗi, abin da kadadar albasa ke ci ya kama dubu 50 daidai, na wake kuma dubu 20, watau babu amfanin da ribarsa ta ɗara abin da ya ci. Dukiyar manomin gaba ɗaya kuwa, dubu 50 na ƙasa da dubu 270 na ruwa, ta kama dubu 320. Ashe ko wace dabara ya yi ba zai haye wannan adadi ba. Har wa yau lissafin ya nuna masa cewa ƙarin awo ɗaya na ruwa ya ninka ƙarin kadada ɗaya sau uku wajen amfani, saboda haka rijiya ta fi masa sabuwar gona.

Abin da ya sa shaida irin wannan ke samuwa shi ne siffar matsalar. In aka saki tsakuwa a bakin ƙwarya, ko ta ina aka sake ta, gindi ɗaya za ta nufa. In kuwa aka sake ta a filin da zaizayar ruwa ta cinye, sai ta maƙale a ramin farko, alhali ga wani can gaba wanda ya fi shi zurfi. Matsala mai siffar ƙwarya ita ce wadda in aka gauraya tsari biyu masu yiwuwa, gaurayen ma zai yiwu, kuma tsadarsa ba za ta wuce gaurayen tsadarsu ba. Masana sun gano cewa a nan iyakar sauƙi da wuya take. Yawan lambobi ba shi ne abin tsoro ba.

Leonid Kantorovich ne ya aza harsashin aikin a Leningrad cikin 1939, sa'ad da wata ma'aikatar katako ta nemi ya raba mata aiki tsakanin injunanta. A 1975 aka ba shi lambar Nobel tare da Tjalling Koopmans. A Amurka kuma, cikin 1947, George Dantzig ya fito da hanyar bin kusurwa, wadda ke tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ta fi ta, kamar yadda aka gwada tsare-tsaren nan uku na manomin Mandera. Leonid Khachiyan ya tabbatar a 1979 cewa ana iya warware irin wannan lissafi ba tare da aikin ya riƙa ninkuwa fiye da kima ba, sa'an nan Narendra Karmarkar ya kawo hanyar ratsa ciki a 1984, wadda ke barin gefe ta bi ta tsakiyar ƙwaryar.

To, amma ba kowace iyaka ce miƙaƙƙen layi ba. Farashin albasa yana hawa yana sauka, kuma in an so a auna wannan kasada, sai iyakar ta lanƙwashe ta ɗauki siffar malfa, tsini a sama, faɗi a ƙasa. Gaba da wannan akwai matsalolin da abin nema a cikinsu jadawalin lambobi ne sukutum, bisa sharaɗin ko ta wace fuska aka auna shi kada sakamakon ya gaza sifiri. Yurii Nesterov da Arkadi Nemirovski, cikin littafinsu na 1994, sun nuna hanyar ratsa ciki tana aiki a kan waɗannan duka. A 1995 Michel Goemans da David Williamson suka yi amfani da jadawalin wajen tunkarar wata matsala marar siffar ƙwarya, suka sami amsar da a matsakaici ba ta gaza kashi 87 cikin 100 na mafificiya ba. A 2012 kuma Javad Lavaei da Steven Low suka nuna cewa, in wasu sharuɗɗa sun cika, dabarar tana warware rabon wutar lantarki tsakanin tashoshi da garuruwa.

Sai dai akwai gargaɗi ga ma'aikata. Lissafi ba ya kare haƙƙin wanda ba a rubuta a cikinsa ba. Sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke gangaren madatsar ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya, kuma rikicin diyyar gonaki ya kai ga asarar rayuka a 1980. In an manta da manomin gangare a cikin sharuɗɗa, kwamfuta za ta yi wa ruwansa kuɗin sifiri, ta kuma kawo shaida mai ƙarfi a kan amsar da ba ta adalci ba.

Don haka duk ma'aikacin da aka kawo wa tsari aka ce shi ne mafi kyau, ya kamata ya yi tambaya uku: me aka nemi yawaitawa, bukatun wa aka rubuta cikin sharuɗɗa, kuma ina shaidar? Ɗalibin lissafi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, kafin ya zauna gaban kwamfuta, ya fara zuwa fadama ya tambayi masu ita. Allah ya sa a dace.