Jawabi Ga Masu Ajiya A Banki, A Bekaji, Jimeta



Ƙarfin banki a jarinsa yake, da ingancin bashin da ya bayar, ba a tsawon gininsa ba. In kun ga yana jan ƙafa wajen biyanku kuɗinku, ko yana alkawarin ruwa fiye da kima, to ku yi hattara.

Ran 3 ga Yuni 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin Heritage Bank. Hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, ta ɗauki nauyin biyan kowane mai ajiya har Naira miliyan 5. Abin da ya haura haka kuwa, sai da aka jira sayar da kadarorin bankin. Saboda haka mai dukiya da yawa ya rarraba ta bankuna biyu ko uku, ya kuma tabbata lambarsa ta BVN tana haɗe da kowane asusu, don ta nan aka bi wajen biyan mutane.