Jawabi Kan Yadda Kwamfuta Ke Haɗa Lambobi Ta Jera Su

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyaye da 'yan uwa.

Yaranmu masu koyon kwamfuta sukan dawo gida da wani darasi, wai a haɗa jeri biyu na cikakkun lambobi, a tsara su daga ƙarami zuwa babba. Wasunmu na ganin asarar kuɗin makaranta ce kawai. To jama'a, mu 'yan kasuwa bai kamata mu faɗi haka ba, domin aikin da muke yi ne kullum da littafin bashi.

Ga misali. Littafin goro yana da bashin naira 200, 700 da 1,500. Na albasa yana da 300 da 900. Kowanne a jere yake. Sai a dubi na farkon kowane littafi, a ɗauki ƙaramin: tsakanin 200 da 300, a ɗauki 200. Sai 700 da 300, a ɗauki 300. Sai 700, sai 900, 1,500 ya zo ƙarshe. Gwaji huɗu kacal, an gama. Haka kwamfuta take yi.

In kuwa lambobin a hargitse suke, sai ta raba su biyu, ta sake raba kowane rabi, har kowace lamba ta tsaya ita kaɗai, sannan ta bi tana haɗa su kamar yadda muka nuna. Wani masanin lissafi mai suna John von Neumann ne ya tsara wannan dabara a Amurka a 1945. Ku ji amfaninta: lambobi 1,000, in za a gwada kowace da kowace, gwaji 499,500 ke nan. Ta wannan hanya kuwa ba zai kai 10,000 ba.

Kuma ilimin nan muna da gado a ciki. Kalmar algoridim, wato tsarin aiki mataki-mataki, daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta fito, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na tara.

Don haka muna roƙon iyaye kada a cire yaro daga karatun nan don ya tsare shago. Mu kuma mu riƙa ajiye littattafanmu a jere, domin ranar haɗa lissafi kada a kwana ana musu kan wa ya biya, wa bai biya ba.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.