Ga takarda, babu ɗaki

A Amurka iyalai sama da miliyan 2 ne gwamnati ke cika wa kuɗin haya a shirin Section 8. Amma da mai nema ya ambaci takardar tallafin a waya, sai mai gida ya ce ai an riga an kama ɗakin. Alhali kuɗin gwamnati ba ya fashi!

Dokar tarayya ta 1968 ta hana wariyar launi da addini a harkar gidaje, amma ba ta ce uffan kan ƙin masu takardar tallafin ba. Jihar New York ta haramta shi a 2019. Texas kuwa, don ƙarfin hali, biranenta ta hana kafa irin dokar. Takardar kuma wa'adi gare ta, in ya cika babu gida, ta mutu.