Shinge Ba Ya Saukar Da Ruwan Sama



A shekarar 1973, lokacin da fari ya tsananta a ƙasashen Sahel, tauraron ɗan'adam na Amurka ya ɗauko wani hoto mai ban mamaki a Jamhuriyar Nijar. Ƙasa duk ta ƙeƙashe, amma ga wani fili mai kusurwa biyar yana lulluɓe da ciyawa. Da aka bincika, ashe gandun kiwo ne na Ekrafane, wanda aka kewaye da waya, aka raba shi kashi biyar, shanu suna cin kashi ɗaya, sauran suna hutawa. Nan da nan masana da yawa suka yanke hukunci cewa makiyayi ne ke kashe daji, shinge kuwa shi ne magani.

To, amma kada mu yi gaggawa. A 1981 aka soma wani gwaji a Widou Thiengoly, cikin yankin Ferlo na ƙasar Sanigal. Aka killace filaye, aka ƙayyade yawan dabbobin da ke ciki, aka yi ta auna ciyawa fiye da shekara 20. Abin da ya bayyana shi ne, yawan ciyawar kowace shekara ya fi dogara ga damina bisa komai. In ruwa ya yi ƙaranci, abincin cikin shinge ba ya isar dabbobin da aka tsare. In ya wadata, sai ciyawa ta yi saura, busasshiyarta ta danne sabon tsiro.

Wannan ba ya nufin kiwo ba shi da ɓarna. Mun sani inda garke ya daɗe wuri guda, musamman gefen rijiya, gamba takan ɓace, ƙarangiya da tumfafiya su gaje wurin. Abin da ciyawa ke bukata shi ne hutu a lokacin da take zuba iri. Ekrafane da waya ta ba da hutun nan. Bafillace da Buzu kuwa da ƙaura suke ba da shi, tun kaka da kakanni.

Saboda haka, mu da za mu riƙi aikin gona da na dabbobi gobe, mu yi hattara. Dokar makiyaya ta Arewa tun 1965 take, amma gonaki sun cinye burtali da yawa. Duk wanda ya toshe burtali, ya tilasta garke tsayawa wuri guda, shi ya kashe ciyawar da yake zargin makiyayi da kashewa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.